Kyamara ce a hannunsa ko makulli? Muhawara kan wasan labarin mai ɗaukar hoto

Mai Kyamara:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na kai ƙarshen abin da aka fitar zuwa yanzu na wasan labarin nan na mai ɗaukar hoto da kuka yi ta tambayata a kansa. Ba zan sa sunansa ba, tunda dokar zaure ta hana tallata wasannin 'yan sama da shekara 18 a fili, amma duk wanda ya buga zai gane.

Ga wanda bai saba da irinsu ba: labari ne da kake karantawa a kwamfuta ko waya, hoto a sama, rubutu a ƙasa, kiɗa na tashi a hankali, can sai a tsayar da kai a ba ka zaɓi biyu ko uku. Abin da ka zaɓa shi ke juya akalar labarin. A wannan, kai saurayi ne da ya shigo babban birni da tsohuwar kyamarar fim, ya sami aikin wucin gadi a wata ƙaramar mujalla. Mata uku labarin ke zagayawa a kansu, dukkansu manya masu sana'arsu: editar mujallar, wata mai kaɗa jita a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, da maƙwabciyarka ma'aikaciyar jinya mai aikin dare.

Kashi na farko ya kama ni sosai. An ba ka nadin fim ɗaya, hoto 36, ka yi yini guda da shi. Duk wanda ka ɗauka ya tafi ke nan, kuma ba ka ganin sakamako sai an shiga ɗakin wanke hoto da daddare. Kafin ka danna sai ka zaɓi gilashi, na milimita 35 ko na 85, ka zaɓi inda za ka tsaya, ka zaɓi ko za ka yi wa mutum magana tukuna. Na daɗe ban ga wasan da ya sa na riƙe hannuna ina jiran haske ya daidaita ba.

Daga kashi na uku abin ya sauya. Ƙidayar fim ta ɓace, zaɓin gilashi ya ɓace. Kyamara ta koma abin buɗe hotunan matan nan a kundi, kowace da ma'aunin makinta a gefen allo. Wurin da ya fi damuna shi ne inda kake kan rufin bene, ka hango maƙwabciyar ta tagarta ba ta sani ba, aka ba ka zaɓin ɗauka. Idan ka ɗauka, wasan ya ƙara maka maki, ya buɗe maka hoto a kundi, kuma har ƙarshen abin da aka fitar babu wanda ya sake ta da zancen. Ina son jin ra'ayin waɗanda suka buga, musamman ƙwararrun hoto da ke cikinmu.

Tauraruwa:
Wa alaikumus salam Yaya. A daidai wurin tagar nan na rufe wasan, sai daga baya na koma don in ga ko za a hukunta shi. Ba a yi ba. Ni ba nuna mugun hali a labari ne matsalata ba, labari yana da 'yancin nuna ɓarawo da maci amana. Matsalata ita ce an saka wa mai wasa da kyauta a kan abin. Wannan laifi ne da mata ke fama da shi a biranen duniya a zahiri. Japan, inda irin waɗannan wasannin suka samo asali, ta kafa doka ta ƙasa baki ɗaya a 2023 da ta haramta ɗaukar hoton tsiraicin mutum a ɓoye, da hukuncin da zai iya kaiwa ɗaurin shekara uku. Wayoyin da ake sayarwa a Japan da Koriya ta Kudu ma ba sa barin ka kashe ƙarar ɗaukar hoto, saboda wannan matsalar. Sai ga wasa ya mai da abin hanyar samun maki.

Makarancin Dare:
Anti Tauraruwa, ban musa miki zancen taga ba, wurin bai yi ba. Amma ina ganin ku biyu kun yanke wa wasan hukunci da wuri ɗaya, kun tsallake mafi kyawun abin da ke cikinsa. Ku tuna labarin mai jita. Ka ɗauke ta tana kuka bayan ta gama waƙa, tasha ta watse, ba ta ankara ba sai da ta ji ƙarar kyamara. Washegari ta same ka ta ce ka ba ta nagatif ɗin, wato asalin fim ɗin da hoton ke kai. Da yake fim ne, babu zancen "na goge" alhali ka ɓoye kwafi. Abu ne guda ɗaya a duniya, ko yana hannunka ko yana hannunta. Kuma edita ta riga ta gani ta ce shi za a sa a bangon mujalla. Idan ka riƙe, sunanka ya fito, aka ɗauke ka aiki na dindindin, ita kuma ba ka sake ganinta a tashar ba. Idan ka miƙa mata, bango ya wuce ka, kuɗin haya ya gagare ka a wannan watan. Marubucin da ya tsara wannan ya san nauyin hoto. Ba zan yarda a ce bai sani ba.

Tauraruwa:
To ƙanena, bayan ka miƙa mata nagatif ɗin, ka buɗe kundin hotuna na wasan? Je ka duba. Hoton kukan nata yana nan, cikakke, ka kalla duk lokacin da ka ga dama. Saurayin cikin labari ya rasa hoton, amma kai da ke riƙe da waya ba ka rasa komai ba. Ta ce a ba ta abinta, labari ya ce an ba ta, kundi ya ce ƙarya ne.

Makarancin Dare:
Na duba. Yana nan.

Ɗan Manhaja:
Bari in shigo a nan, domin wannan ɓangaren aikina ne. An gina wasan da Ren'Py, manhajar kyauta da aka fara fitarwa a 2004, wadda ke tafiya a kan harshen Python. Mafi yawan irin waɗannan wasannin na ƙananan masu ƙirƙira da ita ake yin su. A cikinta akwai ajiya iri biyu. Akwai wadda ke bin inda ka adana wasanka, idan ka koma baya ita ma ta koma. Akwai kuma mai ɗorewa, wadda ba ruwanta da komawarka baya, tana tuna duk abin da ka taɓa gani. Kundin hotuna a kan ta biyun ake ɗora shi. Da zarar hoto ya bayyana a allonka sau ɗaya, ya buɗe ke nan.

Abin da Anti ta gano ba mugunta ba ce aka shirya, yadda aka saba ginawa ne. Amma hakan bai wanke mai wasan ba, domin gyaran layi kaɗan ne. Zai iya cewa idan ka miƙa nagatif, a kulle hoton a kundi, a bar gurbinsa fanko. Zai ma iya amfani da ajiya mai ɗorewar ta ɗaya fuskar: ka ɗauki hoton taga, ka koma baya ka zaɓi ƙin ɗauka don ka tsira da hoton da kuma mutuncinka, sai wasan ya ƙi mantawa. An sha yin irin wannan a wasu wasannin labari, ba sabuwar dabara ba ce.

Tsohon Mai Hoto:
Yara, ku bar ni in ce wani abu, tunda sana'ar da na tsufa a cikinta ce kuke magana a kai. Ɗan'uwanku Mai Kyamara ne ya nuna min wasan, na zauna na kalli kashi biyu na farko da na mai jita, sauran ban nemi gani ba.

Wanda ya rubuta kashi na farko ya taɓa riƙe kyamara, wannan babu shakka. Bambancin da ya sa tsakanin gilasai biyun gaskiya ne. Da na milimita 35, idan kana son fuskar mutum ta cika hoto sai ka matso har ya ji numfashinka, dole ka gaishe shi, dole ya san da kai. Da na 85 kana iya tsayawa nesa, bayansa ya narke, fuskarsa ta fito ita kaɗai. Shi ya sa ake son sa wajen hoton fuska, shi ya sa kuma mai son ɗauka a ɓoye yake neman wanda ya fi shi tsawo. Zaɓin gilashi zaɓin tazara ne tsakaninka da ɗan Adam. Da wasan ya riƙe wannan har ƙarshe, da soyayyar ma a kansa za ta hau: yaushe ta bar ka ka matso, yaushe ta ce tsaya can.

Inda ya ba ni haushi shi ne hotunan dare. Yaro yana riƙe da kyamara a hannu, fim mai ƙarfin 400, a titi mai fitila ɗaya, amma hoto ya fito tas kamar da rana aka ɗauka. Ba ya yiwuwa. A irin wannan hasken sai ka buɗe ƙofar gilashi gaba ɗaya, ka rage saurin ɗauka zuwa ɗaya bisa talatin na daƙiƙa ko ƙasa da haka, kuma duk wanda ya motsa zai fito da inuwa-inuwa, hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa. Wannan dishi-dishin shi ne kamannin dare a birni. Ku nemi aikin Daido Moriyama a unguwar Shinjuku ta Tokyo ku gani, baƙi da fari, a karkace, da hatsi-hatsi, amma kana jin hayaniyar titin a cikinsa.

Mai Kyamara:
Baba, Allah ya ƙara girma. To me za ka ce kan hujjar da ake kawowa cewa ai ɗaukar mutane ba su sani ba shi ne asalin hoton titi? Henri Cartier-Bresson, shahararren mai hoton Faransa, da ƙaramar kyamararsa Leica bai tsaya neman izinin kowa ba.

Tsohon Mai Hoto:
Titi daban, taga daban. Wanda ya fito titi ya san idanu za su gan shi. Wadda ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa ta riga ta ba ka amsa tun ba ka tambaya ba. Ko a titin ma maganar ba ta mutu ba. Philip-Lorca diCorcia ya ɗaura fitila a jikin ƙarafan gini a dandalin Times Square na New York tsakanin 1999 da 2001, yana ɗaukar fuskokin masu wucewa daga nesa. Wani dattijo ya ga fuskarsa ana sayarwa, ya kai ƙara a 2005, kotu ta kori ƙarar a 2006 ta ce aikin fasaha ne. Doka ta ba mai hoto gaskiya, amma har yau masu sana'ar suna gardama ko ya kyauta. Abin da kotu ta halatta da abin da zuciya ta yarda da shi ba kullum suke haɗuwa ba.

Ni misalin da nake so yaran nan masu rubuta wasa su duba shi ne Malick Sidibé na Bamako. A shekarun 1960 yana bin matasa wuraren rawa da daddare, yana ɗaukar samari da 'yan mata cikin nishaɗi da soyayya, ya koma situdiyo ya wanke, ya jera ƙananan kwafi a cikin fayil, su kuma su zo su zaɓi nasu. Sun san shi, su suke gayyatarsa, suna yi wa kyamararsa ado. Ga birni, ga dare, ga soyayya, ga hoto, kuma babu wanda aka sata. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinare ta bikin fasaha na Venis saboda aikin rayuwarsa. Wanda ya ce sai an yi leƙe kafin hoto ya yi zafi bai kalli waɗannan ba.

Gimbiya:
Ni tambayata mai sauƙi ce. Ana iya buga shi ba tare da wuraren manyan ba? Labarin hoto da birni nake so, ba na son sauran.

Makarancin Dare:
Ana iyawa 'yar'uwa, akwai maɓalli a saituna da ke tsallake su, allo ya yi duhu labari ya ci gaba da safe. Haka na buga a karo na biyu, kuma shi ne gwajin da nake ba kowa shawara ya yi wa irin waɗannan wasannin: kashe wuraren, ka ga me ya rage. Labarin mai jita ya tsaya da ƙafarsa, bai rasa komai ba. Na ma'aikaciyar jinya ya rage rabi, amma hirarrakinsu ta saƙon waya da ƙarfe uku na dare, tana hutun aiki shi kuma yana jiran fim ya bushe, suna da daɗi ƙwarai. Na edita kuwa ya rushe gaba ɗaya. Idan ka cire wuraren, babu abin da ya haɗa su sai umarni da "to, ranki ya daɗe".

Tauraruwa:
Kuma na editar akwai wata matsalar da ba a taɓo ba. Ita ke sa hannu a takardar biyansa, ita ke yanke ko za a sabunta masa aiki. Wasan bai taɓa barin saurayin ya yi tunanin me zai faru idan ya ce a'a ba. Da an juya, namiji ne shugaba mace ce sabuwar ma'aikaciya, kowa a zauren nan zai ga abin nan take. Labarin manya na gaske shi ne wanda zai zauna a kan wannan tsoron ya bincike shi. Shekara 18 da aka rubuta a bango ba ta nufin an yi rubutun da hankalin manya.

Abu Hanifa na Zaure:
Ku yi haƙuri 'yan'uwa, ni ban ga dalilin da zai sa mu ɓata lokaci muna tace abin da tushensa batsa ne ba. Ko an gyara kundi, ko an cire taga, abin da aka gina shi don sayarwa yana nan. Ni shawarata a bar shi baki ɗaya, kuma ina tsoron wannan hirar ta zama talla ga wanda bai ma san da shi ba.

Mai Kyamara:
Malam, na girmama matsayinka, kuma wanda ya ce ba zai kusanci irin wannan ba bai yi asarar komai ba. Dalilin da ya sa na kawo maganar shi ne mutane suna bugawa ko mun yi magana ko mun yi shiru, kuma abin da wasa ke koya wa hannu ya fi abin da yake nuna wa ido daɗewa. Wanda aka saba masa da cewa kowace mace ma'auni ce da ake cikawa da amsoshi masu daɗi har hoto ya buɗe, ya ɗauki wani abu ya fita da shi. Gara a sami inda za a ce masa wannan gurguwar fahimta ce.

Mai Kula da Zaure:
Malam yana da hujja kan zancen talla, shi ya sa dokar ta tsaya yadda take: babu suna, babu mahaɗi, babu hoton allo. Na goge saƙonni biyu da suka tambayi inda ake saukewa. Ina kuma tunatar da masu yara cewa shingen shekaru na yawancin shafukan nan tambaya ce kawai, ka rubuta ranar haihuwa ka wuce. Steam, shagon sayar da wasanni na intanet, yana ɓoye wasannin manya zalla sai mai asusu ya kunna da kansa a saituna, don haka ku duba saitunan duk na'urar da kuke tarayya da yara a kanta. A ci gaba da muhawara cikin mutunci.

Ɗan Manhaja:
Ina so in koma kan tambayar da Mai Kyamara ya fara da ita, wato me ya sa wasan ya sauya daga kashi na uku. Ruwa ba ya tsami banza. Irin waɗannan wasannin ba a gama su kafin a sayar. Mutum ɗaya ne ko biyu suke yi, suna fitarwa kashi-kashi, masu goyon baya suna biyan kuɗi duk wata ta shafuka irin su Patreon. Wanda ke biya duk wata yana son ganin sabon abu duk wata, kuma abin da ake ƙirgawa a sanarwar sabon kashi shi ne yawan sababbin hotuna da wuraren manya. Babu wanda ke rubuta "na ƙara zaɓin gilashi mai ma'ana guda huɗu" ya ga kuɗi sun ƙaru. Tsarin fim 36 ɗin da ya burge mu yana da tsada: kowane wurin ɗauka sai an yi masa hoto daban na kowane gilashi da kowace tsayuwa, mai wasa kuma ɗaya kawai zai gani. Mai ƙirƙira ya duba ya ga yana kashe mako a kan abin da masu biyansa ba su tambaya ba, sai ya ajiye.

Ga kuma wani abu: labarin da ake biya duk wata ba shi da ribar ƙarewa. Shi ya sa ake ta ƙara sababbin mata maimakon a zurfafa waɗanda ke akwai. Kun lura a kashi na ƙarshe an shigo da wata mai tallan kaya da wata ɗalibar jami'a mai neman koyon hoto, alhali labarin ma'aikaciyar jinya yana tsaye wuri ɗaya tun kashi biyu da suka wuce.

Gimbiya:
To birnin fa? Ba wanda ya yi maganarsa sosai, kuma shi ne ya fara jan hankalina.

Mai Kyamara:
Birnin a kunne yake, ba a ido ba. Sautin ya yi kyau matuƙa: ƙugin jirgi kafin ya iso, ruwan sama a kan rumfar tasha, maƙwabta na gardama ta bayan bango, motar asibiti can nesa. Rubutun ma ya san kaɗaicin baƙo a babban gari, yadda za ka yini cikin dubban mutane ba wanda ya kira sunanka. Amma hotunan titunan fayau suke. Babbar mahaɗa da tsakar rana, mutum uku. Wasa ne kan mai ɗaukar hoton titi, titin kuma babu kowa.

Ɗan Manhaja:
Wannan ma akwai dalilinsa. Hotunan da manhajar Daz Studio aka yi su, mutum-mutumin kwamfuta ne na 3D da ake jerawa a saita musu haske, kwamfuta ta lissafa hoton. Kowane mutum da ka ƙara yana cin ƙwaƙwalwar katin hoto, da fatarsa da gashinsa da tufafinsa. Ka sa mutum ashirin a titi, ƙaramar kwamfuta ta durƙusa. Masu dabara suna ɗaukar taron daban su liƙa a baya, ko su narkar da bayan yadda inuwoyi kaɗan za su wadatar. A nan ne shawarar Baba za ta yi aiki biyu: da ya rungumi dishi-dishin dare da motsin mutane, da ya cika titinsa da araha, kuma da hoton ya fi kama da na fim.

Tsohon Mai Hoto:
Haka ne ɗana. Kuma birni ba gine-gine ba ne, mutanen da ba za ka sake gani ba ne. Vivian Maier ta yi shekaru tana aikin rainon yara a Chicago, tana yawo da kyamarar Rolleiflex a wuya, irin wadda ake leƙawa ta sama a daidai ciki. Ta bar nagatif sama da dubu ɗari, ba a san da su ba sai da aka yi gwanjon kayanta a 2007, ta rasu a 2009. Kusan duk waɗanda ke cikin hotunanta baƙi ne gare ta, tsofaffi, ma'aikata, yara, masu jiran mota. A wasanku duk wanda kyamara ta kalla da kyau, to za a iya soyayya da shi. Wanda ba za a so ba ba a ma ba shi fuska. Mai hoton da ba ya ganin kowa sai wadda yake so bai fara koyon sana'ar ba.

Makarancin Dare:
Baba, a kashi na farko akwai tsohon nan mai gyaran agogo da ke ba ka labarin unguwar idan ka tsaya ka gaishe shi kafin ka ɗauka. Idan ka ɗauka ba gaisuwa, ya juya maka baya, ka yi asarar hoto ɗaya cikin 36.

Tsohon Mai Hoto:
Na gan shi, kuma shi ne mutumin da na fi so a wasan duka. Ina ya shiga bayan nan?

Makarancin Dare:
Bai sake fitowa ba.

Tauraruwa:
Akwai abin da ya kamata mai wasan ya sani ko don kansa. Steam ya buɗe ƙofa ga irin waɗannan wasannin a 2018, amma a watan Yulin 2025 ya ƙara doka cewa abin da ya saɓa wa ƙa'idojin kamfanonin biyan kuɗi ba zai zauna ba, aka cire wasanni da dama. A wannan watan na Yuli dai shafin wasanni na itch.io ya janye wasannin manya daga bincike saboda matsin lamba iri ɗaya. Abin da aka fi sa wa ido shi ne duk abin da ya shafi rashin amincewa. Ina da ƙorafi kan yadda aka yi wannan shara, domin ta haɗa da masu rubutu na gaskiya da ba su yi laifin komai ba, kuma ban ga dalilin da kamfanin kati zai zama alƙalin adabi ba. Amma wurin tagar nan, da makin da ke biye da shi, irin abin da ke jawo wa kowa bala'i ne.

Ɗan Manhaja:
Gaskiya ne. Ga wanda ke tunanin saye kuma, ku sani dokar mayar da kuɗi ta Steam kwana 14 ce, matuƙar ba ka wuce awa biyu kana bugawa ba. Kashi na farko kaɗai ya kusa cinye awa biyun ga mai karatu a natse, ke nan lokacin da za ka ga inda wasan ya sauya, damar mayarwa ta wuce. Ku yi la'akari da wannan.

Mai Kyamara:
Mai wasan yana da shafin karɓar shawarwari, kuma na ga yana amsawa. Zan rubuta masa da sunana ni kaɗai, ba da sunan zaure ba. Abin da zan nema: a dawo da ƙidayar fim da zaɓin gilashi, a kulle hoton mai jita idan an miƙa nagatif, sannan wurin taga ko dai a cire shi, ko maƙwabciyar ta gano kuma labarinta ya rufe ga wanda ya ɗauka.

Tauraruwa:
Kada ka ba shi zaɓin cirewa, Yaya. Idan ya cire, ya share shaida ne kawai, kamar ba a yi ba. Ka ce ta gano. Ta ga hoton rataye yana bushewa a ɗakin wankinsa, ta gane labulen tagarta. Kuma kada a ba mai wasa wata amsa mai daɗi da za ta gyara abin a zaɓi ɗaya.

Makarancin Dare:
A nan na rabu da ke kaɗan, Anti. Ni ina son a bar ƙofar neman gafara, ko da mai tsawo ce mai wuya, ko da ba za ta kai ga soyayya ba. Idan an rufe gaba ɗaya, mutane za su koma baya ne kawai su zaɓi ɗayan, ba su zauna da abin da suka yi ba. Mai Kyamara, ka rubuta duka ra'ayoyin biyu ka bar shi ya auna. Ka kuma tambaye shi mai gyaran agogo.

Ɗan Manhaja:
Turo min kafin ka aika, in ƙara masa bayanin yadda zai kulle hoton a ajiya mai ɗorewa ba tare da ya lalata wa mutane wasannin da suka riga suka adana ba. Wannan ne abin da zai fara kawowa a matsayin uzuri.